Murabus ɗin Alhaji Bajiniya

Duk wanda ya zauna a Alƙahira bai san Alhaji Yakuba Bajiniya ba, gaskiya zaman banza ya yi. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar ilmin tarihi ba tare da ya wahalar da shi da karatu ba. Wasu sai sun shekara da shekaru suna fama da littattafai a jami'a kafin su iya buɗe baki a kan tarihin wata ƙasa. Shi kuwa Alhaji 'yan makonni kawai ya yi a Amurka, ya dawo da tarihinta kaf a cikin kansa, da wata hula mai kusurwa uku a cikin akwatinsa.

Asalin tafiyar ma ba ta karatu ba ce. Sana'ar Alhaji ita ce tarbar marasa lafiya da ke zuwa Masar daga gida: ya ɗauko su daga filin jirgi, ya nema musu masauki, ya yi musu tafinta a gaban likita. Yana da ɗan ofis a unguwar Dokki, wanda in baƙo biyu suka shiga sai shi ya fito. Wata shekara wani attajiri da ciwonsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya tafi da shi Amurka don ya riƙa riƙe masa jaka. Ranar da aka shiga da attajirin tiyata, Alhaji, saboda tsananin damuwa, ya hau motar 'yan yawon buɗe ido zuwa wani tsohon gari a jihar Bajiniya, inda ake biyan mutane su sa tufafin kakanninsu su yi ta kai da kawo. Ya ga sojoji da dogayen bindigogi, ya ga alƙali da farin gashin aro, ya ga wata mata tana kaɗa nono. Attajiri dai ya warke ya koma harkokinsa. Alhaji ne har yau bai warke ba.

Tun daga nan ba a yin magana a gabansa ba ta ƙare a Bajiniya ba. In an je suna, sai ya ba maijego labarin yadda matan Amurka na farko suke haihuwa a gona. In an je ta'aziyya, sai ya yi wa masu makoki bayanin sojojin da sanyi ya kashe ba takalmi a ƙafarsu, don su san cewa rashinsu ƙarami ne. Yaran jami'a ne suka laƙaba masa Bajiniya don tsiya. Da sunan ya iso kunnensa sai ya ji ya yi masa daɗi, ya sa aka rubuta masa shi a ƙofar ofis.

Shi ne kuma shugaban Ƙungiyar Zumunta ta Bakin Nilu, wadda ta haɗa masu jin Hausa na Najeriya da na Nijar, Musulmi da Kirista, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata. Ƙungiya ce ta taimakon juna: in an yi rasuwa ta tsaya, in an yi haihuwa ta kai gudummawa, in sabon zuwa ya rasa wurin kwana ta nema masa. Wa'adi biyu Alhaji ya yi yana shugabanci, kuma a bakinsa duk alherin da ya sami Bahaushe a Masar cikin waɗannan shekaru daga hannunsa ya fito. Aikin dai mataimakiyarsa ke yi, Madam Godiya, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan da ke zaune a unguwar Hadayek el-Maadi. Ita ake buga wa waya in abu ya faru. Shi ake kira in za a ɗauki hoto.

To, wa'adi na biyu ya zo ƙarshe, za a yi zaɓe a taron shekara, kuma Alhaji ya fara jin ƙishin-ƙishin cewa in aka jefa ƙuri'a Godiya za ta kayar da shi. Kujerar ba ta da albashi, wannan kowa ya sani. Amma a garin da jama'a ke ture shi a jirgin ƙasa ba wanda ya san ko shi wane ne, nan ne kaɗai wurin da in ya yi gyaran murya ake yin shiru. Tsoron rasa ta yake yi, tsoro na gaske, har abinci ya daina yi masa daɗi. Tazarce yake so, amma mutum mai daraja irinsa ba ya roƙon ƙuri'a.

A nan ne tarihi ya kawo masa ɗauki. A Bajiniya ya ji labarin babban janar ɗin Amurkawa, wanda bayan ya gama yaƙi da Ingila ya ajiye muƙaminsa da kansa ya koma gonarsa, daga baya kuma aka bi shi har gida aka ɗora shi a kan mulki. Alhaji ya lura cewa a wannan wuri ɗaya Amurkawa da Hausawa sun yi kama. A wurinmu ma, in babban mutum ya miƙe a taro ya ce ya gaji zai sauka, ba a ce masa sauka lafiya. Sai a taso masa da roƙo, a ce ya dubi Allah ya dubi jama'a. Ya ƙi sau ɗaya, ya ƙi sau biyu, a na uku ya sunkuyar da kai ya karɓa don kada ya watsa wa mutane ƙasa a ido. Bayan an yi haka kuwa, ba mai ƙarfin halin da zai ɗaga hannu ya ce a kawo akwatin zaɓe.

Sai ya sanar cewa bana taron shekara zai buɗe da wasan kwaikwayo a kan yaƙin 'yancin Amurka, don wayar da kan al'umma. Shi ya tsara wasan, shi zai jagorance shi, kuma bayan dogon nazari ya ga ba wanda ya dace da matsayin Janar sai shi, ba don son kai ba, sai don shi kaɗai ke da hular. Ɗaliban jami'a suka zama sojojinsa, ya hana su sa takalmi. Mata da yara suka zama talakawa, aikinsu su tsaya a gefe su yi tagumi. Madam Godiya ya ba ta matsayin matar manomi da sojoji suka kwashe wa hatsi da saniya a lokacin sanyi, matsayi mai girma wanda ba shi da magana ko ɗaya. Da ta tambaye shi ko daga baya an mayar wa matar da saniyarta, sai ya dube ta da tausayi.

"Madam, tarihi ba ya bin bayan shanu," in ji shi. "Tarihi na manyan mutane ne. Talakawa sun ba da gudummawarsu ta hanyar haƙuri, ke ma abin da za ki yi ke nan."

An ɗan sami tangarɗa a wurin da Amurkawa ke zubar da ganyen shayin Ingila a teku. Mutanen Nijar suka ce su kam ba da su ba. A kashe sojan Ingila ko nawa ne, sun yarda, amma shayi bai yi wa kowa laifi ba. Malam Abdulbasit, wani dattijon ɗalibi da ya tsufa a karatun addini kuma shi ke yi wa ƙungiya addu'a, ya goyi bayansu, ya ce almubazzaranci ne ko a wasa. Alhaji ya yi jawabi mai tsawo a kan haraji da zalunci da 'yancin ɗan Adam, aka saurare shi cikin ladabi, sannan aka jefa kwalayen da ba komai a ciki, aka ɗora shayin a wuta a bayan dandamali.

Matarsa Hajiya Hafsa ce ta ɗinka masa farin gashin aro da audugar kantin magani. Tana ɗinki yana zagaya falo da takobin katako yana gwada jawabin murabus, yana tsayawa a wuraren da yake sa ran kuka zai ɓarke. Ta ɗago daga ɗinkin ta ce, "Alhaji, in kana son kujerar nan ka fito ka ce kana so mana. Wannan zagaye-zagayen ni tsoro yake ba ni." Ya yi mata murmushin da malami ke yi wa ɗan aji ɗaya, ya ce ba laifinta ba ne, ba ta taɓa zuwa Bajiniya ba.

Amma Alhaji ba wawa ba ne, ya san roƙo ba ya tashi da kansa, sai an sami mai kunna shi. Don haka ya hau tuk-tuk, wato adaidaita-sahun Masar, ya kutsa lungunan unguwar Ard al-Liwa wurin Imrana, wani ɗan Maradi mai aika abayoyi da turare zuwa gida. Imrana mutum ne mai zuciya ɗaya, kuma yana ganin girman Alhaji tun ranar da ya tsaya masa a asibiti lokacin da haihuwa ta zo wa matarsa da gardama. A wani shagon shayi Alhaji ya shimfiɗa masa tsari. Bayan an gama fagen yaƙi za a saki labule, 'yan wasa su sauka su shiga cikin jama'a. Sannan a ɗaga labule, Janar ya fito shi kaɗai, ya ajiye takobi, ya juya maganar kan ƙungiya ya ce ya sauka. A daidai nan Imrana zai zabura ya ce ba su yarda ba, yaransa na Ard al-Liwa su amsa, sauran jama'a kuma kunya ta kama su su bi sahu. Ya ja kunnensa cewa kada yaro ɗaya ya yi gaba da kansa, kowa ya zuba wa Imrana ido, sai ya tashi za su tashi. Imrana ya ce tamam, an gama.

A cikin wasan kuwa Imrana ne babban sojan Ingila. Jajayen rigunan an aro su ne daga wasu makaɗan biki, kuma babbar cikinsu shi kaɗai ta yi wa daidai. Aikinsa ya fito yana gadara, Janar ya sare shi, ya faɗi ya mutu. Mutuwar ce ta riƙa ba shi wahala wurin atisaye. Wani lokaci gawa ta sosa ƙeya, wani lokaci ta nemi a miƙo mata shayi. Ranar atisayen ƙarshe wayarsa ta yi ƙara yana kwance a mace, ya ɗaga ya shiga ciniki da wata hajiya a Zinder. Alhaji ya cire hula ya buga da ƙasa.

"Wannan shi ne abin da ya hana mu ci gaba," ya ce, yana nuna shi da takobi a gaban kowa, har da mata. "A Bajiniya na ga sojan da ya mutu tun hantsi bai motsa ba har aka tashi. Ƙuda ya sauka a hancinsa, bai kore shi ba. Ga tarbiyya. Mu kuwa gawarmu ma ba ta da ɗa'a. Imrana, in ba za ka iya mutuwa ba ka faɗa, in nemo wanda zai iya."

Abin ya yi wa Imrana ciwo ƙwarai, don shi bai saba a tozarta shi gaban mata ba. Ya miƙe a cikin jar rigarsa, ya ɗaga yatsa sama, ya rantse da Allah cewa ranar wasa in ya faɗi ba zai motsa ba, ba zai buɗe ido ba, ba zai ce uffan ba sai labule ya taɓa ƙasa, ko da ginin ne ya kama da wuta. Malam Abdulbasit ya tuna masa nauyin rantsuwa, Imrana ya ce ya sani. Alhaji ya gyaɗa kai cike da gamsuwa, yana jin ya gyara tarbiyyar mutum guda.

Ranar Juma'a bayan la'asar zauren da aka kama a Dokki ya cika har ƙofa. Zafi ake yi mai narka mutum, amma a kan dandamali an baza auduga a matsayin dusar ƙanƙara, sojoji suna rawar sanyi gumi na zuba musu. An jefa kwalaye a teku. An ƙwace wa Madam Godiya saniyarta ta kwali, ta yi tagumi kamar yadda aka umarce ta. Jami'in harajin Ingila ya sha ihu daga 'yan kasuwa, waɗanda wannan fage ya taɓa su fiye da yadda Alhaji ya yi zato. Sannan Janar ya fito, hula a kan auduga, ciki a gaba, ya sari Imrana sara ɗaya. Imrana ya yi mutuwar da ba a taɓa ganin irinta ba. Ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi, ya zube a bakin dandamali daf da ƙafar Alhaji, ya sandare.

Zaure ya ɗauki tafi da sowa. Alhaji bai taɓa jin tafi irin wannan a rayuwarsa ba, kuma bai ko yi shakkar cewa nasa ne ba. Ya hango Bamisiren da ke kula da zauren ya kama igiyar labule zai saki, sai ya ji ba zai iya bari ƙyalle ya shiga tsakaninsa da wannan ƙauna ba. Jama'a sun yi zafi, yanzu ne lokacin. Ya ɗaga masa hannu da ikon janar, mutumin ya bar igiyar a ɗaure ya koma ya zauna.

"Ya ku jama'ata," Alhaji ya fara, murya na rawa daidai inda ya tsara ta yi rawa. "Kun ga yadda manyan mutane suke. Janar ya ci yaƙi, mulki na hannunsa, amma ya ajiye ya koma gona. Ni ma na yi muku yaƙi shekara da shekaru. Na hana idona barci, na bar iyalina, na ƙi tayin manyan ƙasashe don in zauna da ku. Yau, a gaban Allah da gabanku, na ajiye shugabancin wannan ƙungiya. Na sauka."

Ya sunkuya ya ajiye takobi, ya rufe ido, ya buɗe hannuwa yana jiran guguwa. Abin da ya ji shi ne ƙarar fanka. Ya buɗe ido ɗaya ya duba layin da mutanen Ard al-Liwa ke zaune, ya ga duk sun miƙa wuya suna kallon wani abu kusa da ƙafarsa. Ya bi kallonsu da ido, sai ga Imrana shimfiɗe a cikin jar riga, ido a rufe gam, jijiyar wuya ta tashi, gumi na gangara masa cikin kunne. A nan ne Alhaji ya tuna cewa labule bai taɓa ƙasa ba.

Ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Ya ɗan matsa, kamar mai neman wurin tsayawa, ya taɓa haƙarƙarin gawar da ɗan yatsan ƙafa. Ya sake cewa, da ƙarfi, yana karkata baki ƙasa, "Na ce na sauka." Imrana yana ji, zuciyarsa kamar ta fashe don tausayin Alhaji, amma ya rantse da Allah a gaban malami, kuma labule na sama. Sai ya ƙara sandarewa. Yaransa kuma an gaya musu sai ya tashi, don haka suka zauna suna jira cikin biyayya. Sauran jama'a, da ba su san ko wasa ake ba ko gaske, suna ta duban juna.

Alhaji ya taka hannun gawar da gangan. Ko gezau. Cikin ruɗewa ya ɗaga murya har ta fashe: "Jama'a, wai ba ku ji ba ne? Wallahi na sauka!"

Sau uku ke nan, na ukun har da rantsuwa. Malam Abdulbasit ya miƙe a hankali yana share hawaye da gefen rawani. Ya ce shi a tsawon zamansa bai taɓa ganin zuhudu irin wannan ba. Da farko ya ɗauka irin maganar nan ce ta manya da ake yi don a roƙe su, har ya fara shirin tashi ya yi roƙon. Amma mutumin da ya maimaita sau uku ya haɗa da sunan Allah, duk wanda ya ce masa ya dawo ya ci mutuncin ikhlasinsa, kuma ya jefa shi cikin kaffara. Ya roƙi jama'a kada kowa ya yi wa bawan Allah wannan zalunci. Sannan ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha.

Alhaji ya buɗe baki, amma ba a katse fatiha. Yana tsaye yana kallo ɗaruruwan tafukan hannu suka tashi, nasa ma suka tashi da kansu, aka shafa. Wani daga baya ya ce tun da shugaba ya sauka ai mataimakiya na nan, ba sai an wahalar da akwati ba. Zaure ya amsa da murya ɗaya, irin amsawar da Alhaji ya kwana biyu yana mafarkinta, har da mutanen Ard al-Liwa da suka ga kowa ya tashi. Aka jawo Madam Godiya tsakiyar dandamali da zanen matar manomi a jikinta. Ta yi godiya a taƙaice, ta ce ƙungiya ba za ta manta da wannan darasi na tarihi ba, sannan ta ce yalla, maza a sauko da abinci kada ya huce.

Sai a lokacin Bamisiren ya ga an gama, ya saki igiya. Labule ya sauko ya raba Alhaji da jama'arsa, ya bar shi a baya da auduga da bindigogin katako, yana jin ƙarar cokula daga ɗaya gefen. Da gefen labulen ya taɓa ƙasa, Imrana ya ja dogon numfashi, ya tashi zaune yana murza hannun da aka taka. Ya dubi Alhaji da idon mutumin da ya cika alkawari ɗaya kuma yake shirye ya cika na biyu.

"Ranka shi daɗe, labule ya sauka," in ji shi. "In hita in ce ba mu yarda ba?"

Alhaji ya dube shi, audugar kansa ta jiƙe ta zamo kan gira.

"Koma ka kwanta," ya ce.